Gilashin Hajara

Ɗazu da na ɗora muku gilashin nan a ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu, na ji abin da ɗaya daga cikinku ya raɗa wa na kusa da shi. Cewa ya yi ashe aikin ɗakin nan bai wuce yanka nama da rini ba, in mahauci da marini suka haɗa hannu za su gama shi kafin azahar. Gwiwata ce ta gaza, kunnena yana nan daram. Ban ji haushi ba, don ni ma haka na ɗauka ranar da na fara shigowa. Ku dai ajiye wayoyin nan ku matso.

Sunana Inuwa. A Gwallaga aka haife ni, a ɗakin nan kuma na yi furfura. Aikinmu shi ne, duk abin da likita ya yanko daga jikin mai rai, ƙari ne, ƙulli ne, guntun hanji ne, mu sirantar da shi har haske ya iya ratsa shi, mu rina shi, mu miƙa wa likitan da ke karantawa ya faɗi ko mene ne. Mu ba ma faɗin sunan cuta. Amma in muka ɓata aikinmu, shi ma ba shi da abin faɗi.

Aikin farko da aka ba ni wasa wuƙa ne. Wanda ya koya mini sana'ar, Baba Bulus, mutumin kudancin jihar nan ne, gajere, mai tsabtar tsiya, ba ya dariya sai ya gama yankan safe. A lokacin babu waɗannan reza da kuke sawa a inji ku jefar in sun dakushe. Wuƙa ce guda, mai nauyi, ana wasa ta a dutse sannan a goga ta a jikin fata har ta yi santsi. Na daɗe ina wannan kafin ya bar ni na taɓa nama. In na kawo masa wuƙar sai ya ɗaga ta wajen taga, ya kanne ido ɗaya, ya ce, "Akwai giɓi. Koma." Ni ban ga giɓin ba. Sai da ya sa ta a inji ya yanka, ya nuna mini wani dogon layi da ya tsaga naman daga sama har ƙasa, ya ce wannan layin zai iya bi ta kan wurin da cutar take, likita ya duba bai gan ta ba.

Fatar gugar nan ce ta haɗa ni da Shehu. Tamu ta tsufa ta tsattsage, Baba Bulus ya aike ni Ƙofar Dumi in nemo baduku ya yanko mana wata. Na tarar da wani saurayi sa'ana zaune a ɗan shago yana ɗinka kube. Da na kwatanta masa abin da nake so, sai ya dube ni ya ce ko shagon aski zan buɗe. Ya yanko fata mai laushi, ya ɗaura ta a katako da kyau, ya ƙi karɓar komai, ya ce in ta yi aiki in dawo in ba shi labari. Na koma na ba shi labari, kuma ban daina komawa ba. Da ya yi aure ni na tsaya masa. Matarsa Hajara tana tuyar masa a cikin gida, kuma duk unguwar an san tata, don ba ta ha'inci da shinkafa. In na biya da safe kan hanyar aiki sai ta ɗaga murya daga bakin tanda ta ce, "A ba mahaucin gwamnati tasa da zafi, kada ya makara wajen fawa." Sunan da ta sa mini ke nan, har 'ya'yanta suka tashi suna zaton sarauta ce.

To, ga yadda aikin yake, tunda kun ce yanka ne da rini. Nama in ya zo, a cikin fomalin yake zuwa, ruwan nan mai yaji da ya sa ku hawaye da kuka shigo. In ya ƙame sai a yanki wurin da ake zargi, a bi da shi cikin sifirit kwano bayan kwano har ruwan jikinsa ya fita, a wanke sifirit ɗin da wani ruwan, a tsoma shi a narkakken kakin kyandir. In kakin ya daskare ya zama ɗan bulo da naman a tsakiya, shi ake ɗaurawa a inji, ana juya hannu, yana sauka filla-filla, sirantarsa ta fi ta ɓawon albasa nesa ba kusa ba. A shimfiɗa a kan ruwan ɗumi ya miƙe, a tallabo shi da gilashi, sannan a je ga rini. Da bazarar Bauchi kakin narkewa yake a hannu, sai an ɗora shi a ƙanƙara. In ka yi numfashi da ƙarfi, aikin yini guda ya tashi sama ya liƙe a rigarka.

Amma duk wannan wahalar a banza take in matakin farko ya kuskure. Baba Bulus ya nuna mini dalili wata rana da guntun hanji mai lafiya. Ya ce in duba bakin hanjin ta ciki. Sai na ga ƙwayoyin halitta, waɗannan ƙananan ɗakuna da aka gina jiki da su, sun jeru tsaye kafaɗa da kafaɗa kamar sahun salla, kowace da cibiyarta mai launin shuɗi a ƙasa, fuskarta tana kallon hanyar da abinci ke bi. Tsakaninsu akwai wasu masu kama da ɗan ƙoƙo, cike da majina, bakinsu a buɗe sama. Su ke zubo santsin da ke sa abinci ya wuce bai kankare hanjin ba.

Ya tambaye ni me ya tsayar da su haka, tunda ba su da ƙashi. Na ce ban sani ba. Ya ce suna da shi, nasu ne daban. A cikin kowace ƙwaya akwai zarurruka, wasu masu tauri sun tokare ta kamar turakun rumfa, wasu sun ɗaure ta da maƙwabciyarta, wasu kuma hanya ce. A can ƙasa kusa da cibiya ake haɗa majinar, a ƙulla ta a ƙananan jakunkuna, a jawo jakunkunan bisa zaren nan har zuwa baki, a zazzage waje. Haka ake yin nono, haka ake yin yawu, haka ake yin hawaye. Da irin madubinmu ba a ganin zarurrukan su kansu, aikinsu ake gani: tsayuwar sahu, da sanin ina ne sama ina ne ƙasa. Likita kuwa wannan tsarin yake karantawa. Kuma da zarar an raba nama da jini, turakun nan sun fara zubewa ke nan, jakunkunan su fashe, ƙwayar ta shiga cin kanta. Fomalin shi ke riƙe kowa a inda yake tsaye. Baba Bulus yakan ce wa masu kawo mana kaya daga ɗakin tiyata, "Kar ka tsaya gaisuwa a hanya."

Shekarar da ba na son tunawa ta zo bayan Baba Bulus ya ajiye aiki ya koma garinsu. An shiga dogon yajin aiki, ɗakunan kwanciya suka zama wayam, wuta ta ɗauke ta ƙi dawowa, kayan aikinmu suka yi ƙaranci. Ni ina leƙowa ɗakin nan don kada abin da ke cikin kwanuka ya bushe. A tsakiyar wannan, da tsananin bazara, cikin Hajara ya ƙulle. Ta daɗe tana fama da ciwon ciki da rama tana ɓoyewa, ranar dai abin ya ƙi ɓoyuwa. Aka kai ta wani ƙaramin asibitin kuɗi a bakin gari, aka yi mata tiyata cikin gaggawa, aka yanke guntun hanji da wani ƙari da ya toshe shi.

Ina can ƙauyen matata wajen ta'aziyya lokacin, sai da na dawo na je dubiya. Na tarar da ita kwance ta yi fayau, amma bakin yana nan. Ta ce, "Ka ga, an yi fawa ba ka nan." Na yi dariya, na fita na nemi likitan da ya yi aikin. Mutumin kirki ne, ya gaji iya gajiya. Ya ce da ido ba zai iya rantsuwa ba. Ko dai tarin fuka ne ya kama hanjin, wanda muna ganinsa da yawa, ko kuma ciwon daji ne. Maganin wannan daban, na wancan daban, kuma na dajin ba a ɗora wa mutum shi a kan zato, don shi ma yana iya kayar da mai lafiya. Ya ce sakamakonmu yake jira. Fomalin ɗinsu ya ƙare, don haka tun ranar aikin aka ba maigidanta abin a roba aka ce ya kai babban asibiti da sauri.

Na sami Shehu zaune a benci a waje.

"Shehu, ina abin da aka ba ka?"

Ya sunkuyar da kai. "Mun rufe shi."

"Kun rufe shi a ina?"

"A gida. Bayan ɗakinta, inda muke binne mabiyiyar yara."

Na zauna kusa da shi. Ya ce da ya isa gida da robar, mahaifinsa ya tambaye shi mene ne. Da ya ji, sai tsohon ya ce shi ya san abin da ake yi da irin wannan a asibiti, haɗa shi ake da shara a ƙone. Naman ɗan Adam ne, na baiwar Allah mai salla, ba za a ƙona shi yana raye yana gani ba. Ko mabiyiya ai rufe ta ake yi. Suka wanke shi da ruwa, suka naɗe a farin ƙyalle, suka haƙa rami.

Na ce, "Me ya hana ka kira ni?"

Ya ce, "Haba Inuwa. Cikin iyalina ne fa. In ɗauko in miƙa maka a roba? Da wane ido zan dube ka, da wane ido za ta dube ka in ka zo cin masa?" Ya ƙara da cewa, "Ni na ɗauka an cire cutar an gama. Ban san akwai abin da ake nema a jikinsa ba."

Muka hau babur muka nufi Ƙofar Dumi. Na durƙusa gaban mahaifinsa a zaure na yi masa bayani yadda zan iya. Tsohon ya saurare ni har ƙarshe bai katse ni ba. Ya tambaya ko da gaske maganinta yana cikin abin da aka rufe. Na ce sanin maganin ne a ciki, Baba. Ya ce, "In rai za a ceta, a tone. Allah Ya ga niyyarmu ta farko, Ya ga ta biyu." Shehu ya ɗauko fartanya. Tun kafin ya kai ga ƙyallen hancina ya gaya mini abin da zan tarar. Ƙasar da zafi take har ciki, hanji kuwa ya fi kowane nama saurin lalacewa.

Duk da haka na yi aikin, kuma ban taɓa wahala a kan nama kamar wannan ba. Na zuba shi a ɗan fomalin da ya rage mana. Na laluba na zaɓi wuraren da suka fi tauri, ina fatan ko tsakiyar ƙarin ta tsira. Babu wuta, sai na bi da shi kwano-kwano da hannu, na narka kaki a kan risho, na sayo ƙanƙara wajen masu sayar da ruwan sanyi. Da sassafe nake yanka kafin rana ta tausasa kakin. Naman yana marmashewa a bakin wuƙa, ina tattarawa ina sakewa. Na yi gilasai da yawa, na rina, na sake rinawa.

Likitan da ke karanta mana ya fito daga gida duk da yajin aikin, don na roƙe shi. Ya juya madubin wajen taga ya daɗe yana dubawa, gilashi bayan gilashi. Sannan ya matsa ya ce in duba da kaina. Babu sahu, babu ƙoƙo, babu cibiya mai shuɗi. Komai ya zama ruwan hoda bai ɗaya, inuwar ƙwayoyi kawai, da ƙwayoyin cuta na ƙasa sun cika ko'ina. Ya ce, "Malam Inuwa, na ga tubali, ban ga ɗaki ba. In na faɗi wani abu, ƙarya zan yi." Ya rubuta cewa naman ya lalace, ba a iya cewa komai.

Likitan tiyata ya yi abin da kowa zai yi a matsayinsa. Ya ɗora ta a kan maganin tarin fuka, don shi ya fi yawa a masu shekarunta, kuma in shi ne za ta warke sarai. Hajara ta sha shi wata da watanni ba fashi. Ciwo ya lafa tunda an cire abin da ya toshe, ta yi kumari, ta koma bakin tanda. Shehu ya yi sadaka, tsoho ya yi ta godiya ga Allah. Ni ma na yi, kuma na ci gaba da biyawa cin masa. Amma tsoro bai bar ni ba. Duk safiya sai na saci kallon wuyan hannunta in ga ko ya ƙara sirancewa.

Shekara ta zagayo, wuyan hannun ya sirance. Cikin kuma ya fara kumbura. Wannan karon an daɗe da janye yajin aiki, aka kawo ta asibitinmu, aka ce za a sake buɗewa a ɗan ɗebo a duba. Ma'aikaciyar jinyar da ta tura ta ɗakin tiyata ita ta ba ni labari daga baya. Ta ce Hajara ta kama hannun likita ta ce, "Don Allah, duk abin da kuka ciro, a kai wa mahaucin gwamnati da ɗuminsa. Na yafe kunyar."

Da ɗuminsa aka kawo shi, ɗan mitsitsi, yana iyo a fomalin. Wuta tana nan, kaki sabo, ƙanƙara a firji. Ya sauka daga wuƙa a miƙe, babu giɓi, babu naɗi, rini ya kama ko'ina daidai. A duk shekaruna ban yi gilashin da ya kai shi kyau ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Na ɗora shi don in duba ingancin rinin kafin in miƙa, kamar yadda muke yi, sai na ga abin da ba sai likita ya gaya mini ba. Ƙwayoyin hanji ne, amma sun bar hanji, sun watse kowace ta kama gabanta. Ba su manta sana'arsu ba, suna nan suna haɗa majina. Tsarin cikinsu ne ya rikice, ba su san sama da ƙasa ba, babu bakin da za a kai jakunkunan. Majinar ta taru a ciki ta cika ƙwayar taf, ta matse cibiyar a gefe ta lanƙwasa ta, ta koma kamar zobe mai ido. Na kashe fitilar madubin na zauna na yi kuka, ƙofa a rufe.

Likita ya tabbatar, ya ce ya bazu a cikin. Na tambaye shi, da an sani tun farko fa? Bai yi mini daɗin baki ba. Ya ce irin wannan mugu ne, ba zai ce da ta warke ba. Amma da an san da wa ake faɗa, da an yi faɗan, da wataƙila ta ga auren babbar 'yarta. Hajara ta rasu a ƙarshen damina. Wajen zaman makoki tsohon ya riƙe hannuna ya ƙi saki, ya ce, "Ni na ce a rufe." Na ce, "Baba, darajarta ka kiyaye." Gaskiya na faɗa masa, amma na san ba ta rage masa komai ba.

Bayan sadakar arba'in Shehu ya zo nan. Duk tsawon abotarmu bai taɓa taka ɗakin nan ba sai ranar. Ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu, idonsa ya faɗa kan tsohuwar fatar gugar da ya yanka mana, tana rataye a ƙusa ko da yake mun daina amfani da ita. Ya ce ya ji an ce sauran jikinta yana wurinmu, yana so ya kai shi kusa da ita. Na je na nemi izinin likita, ya ba da. Na ɗauko ɗan bulon kakin na sa masa a tafin hannu. Ya dube shi, ya naɗe a farin hankici ya sa a aljihun gaba.

Sai ya ce, "Abin da kuke gani ɗin, ni ma zan iya gani?"

Na zaunar da shi a kujerar nan, na ɗora gilashin, na nuna masa yadda zai juya har ya fito. Ya daɗe a sunkuye. Na nuna masa zobban, na gaya masa abin da Baba Bulus ya gaya mini, na turaku da jakunkuna da hanya.

Ya ce, "Wannan shuɗin da jan, ita ce?"

Na ce ita ce.

Ya sake dubawa. Da ya ɗago sai ya ce, "Rinin ya kama." Baduku ne, abin da ya samu ya faɗa ke nan.

Na zare gilashin na fara naɗe masa shi a takarda, don shi ma jikinta ne. Ya dafe hannuna. Ya ce, "Wancan na yi saurin rufe shi. Wannan a bar shi a fili. Duk wanda ya zo koyon aiki ka nuna masa. Ka ce in zai miƙa wa mutum roba, ya tsaya ya gaya masa dalili, don mu ba mu sani ba." Na shaida wa likita, ya amince a ajiye shi don koyarwa, aka goge lambarta daga jikinsa. Sunan kuwa Shehu ne ya ce in riƙa faɗa.

Shi ne gilashin da na ɗora muku ɗazu. Ku taso ɗaya bayan ɗaya ku sake dubawa, a hankali, kada wanda ya taɓa shi da yatsa a tsakiya. Kai mai maganar mahauci, kai za ka fara. Ita ma haka take kirana.